Jajayen Hannuwan Motar Yayana

Gidanmu gidan maƙeran azurfa ne a tsohon garin Agadas. Yayana ne ya gaji maƙera daga mahaifinmu, ni kuwa aka sa ni lakwal, wato makarantar boko, shi ya sa aikina a shago na baki ne. In Turawa masu yawon buɗe ido suka shigo, ni ke yi musu Faransanci, in nuna musu abin wuya da zobe da munduwa, Yaya na daga ciki yana zuga wuta, ba ya ko ɗago kai. Haka muka ci shekaru. Da hankali ya tashi a arewa, Turawa suka ɗauke ƙafa, azurfa ta zauna a shago tana baƙi. Sai damina ta ƙi. Ba mu gama jin wannan ba, wata rana rediyo ya yi shiru, ya dawo da kiɗan soja, aka ce sojoji sun karɓi mulki a Yamai.

Yaya ya girme ni da shekara goma sha ɗaya. Ba ya shawara, sanarwa yake yi. Wata safiya bayan mun karya ya sanar da ni za mu sayi mota. Manyan motocin kaya, kamiyo, na kawo dusa da angurya daga kudu su sauke a gari, makiyaya kuwa na can bakin rijiyoyi da dabbobin da ba za su iya takowa ba. Ana bukatar mai ƙaramar mota ya kai musu, in zai dawo ya biyo ta garake, wato lambunan Abzin, ya ɗauko albasa. Ni zan yi tuƙi tunda na iya, shi zai riƙe ciniki. Maganar gaskiya dabarar ba ta da aibu, ita ta ciyar da gidanmu a shekarar nan. Motar da ya zaɓa ce ta hana ni sakat.

Pikop ce fara mai buɗaɗɗen baya, kat-kat, wato mai ja da ƙafa huɗu, ta wani tsohon jagoran Turawa da ke shirin ƙaura zuwa Yamai. Wani Bature abokin aikinsa, mai son gudu cikin rairayi, ya ɗaga ta sama fiye da yadda aka ƙero ta, ya canza mata amortisa masu shanye gargada, kuma ya cire hannuwan sama na ƙafafun gaba ya sa waɗansu da ya zo da su daga waje. Hannun sama ƙarfe ne mai reshe biyu kamar gwafa. Rassan na manne da jikin mota, bakinsa ɗaya na riƙe da ƙafa daga sama, shi ke sa ta tsaya miƙe tana hawa da sauka. Masu garaji na ce masa tiriyangil. Na asali baƙi ne, mummuna, ba mai kallonsa sau biyu. Waɗannan jajaye ne masu kauri, a bakin kowanne akwai ƙwallon ƙarfe mai sheƙi, a buɗe, ba wata roba da ta rufe shi.

Yaya ya kwanta ƙarƙashin motar ya daɗe, har mai ita ya gaji da tsayuwa ya ɗora shayi. Ina hango hannunsa yana shafa inda aka haɗa ƙarfen da wuta, yana bin layin da yatsa yadda yake bin zanen munduwa. Da ya fito na ga a fuskarsa an riga an gama ciniki. Bai saurari moter, wato injin, da kyau ba, bai tambayi shekarun tayu ba. Abin da ya ce kawai, wanda ya yi wannan aikin ya san wuta.

Mai motar ya kawo wata takarda mai shafi huɗu da ta zo tare da hannuwan, Yaya ya miƙo mini ya ce in karanta. Da Ingilishi aka rubuta ta. Ni Faransanci na yi a lakwal, Ingilishina bai wuce gaisuwa da faɗin farashi ba. Amma ga mai motar tsaye, ga Yaya na jira, ga shi shekara ashirin ana nuna ni a unguwa a matsayin mai jin harshen Turawa. Na bi layukan da ido, na juya shafi, na gyaɗa kai, na ce takardar ta ce ƙarfen ya fi na asali ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma don mugunyar hanya aka yi shi. Na ninke ta na sa aljihu.

Watan farko ba ni da abin cewa. Motar na haye busassun koramu, waɗanda muke ce wa kori, cikinta bai taɓa ƙasa ba. Muna fita da buhunan dusa, muna wuce gawarwakin shanu da tumaki a gefen hanya, waɗansu fata ce kawai ta bushe kan ƙashi. A kowace bariyar soja sai mun sauka, a duba takardu, a yaye rufin kaya, a soka buhu. Wani soja mai igiya biyu a hanyar Cirozerin ya taɓa durƙusawa ya leƙa ƙasan motar, ya kira abokansa su zo su ga jan ƙarfen. Ranar Yaya ya yini cikin fara'a kamar ɗiyarsa aka yaba.

Sai kuka ya fara. Da farko a hankali, in mun hau dutse, daga baya ko tsakuwa muka taka sai gaban motar ya yi ƙara kamar ƙyauren da ya shekara bai ga mai ba. Sojojin bariya na jin zuwanmu tun kafin su gan mu. A unguwa mata suka daina tambaya ko mun dawo. Yaya ya sayo pompon gires, ya gano ƙananan nonuwan ɗura gires a gindin rassan, ya ɗura musu har ya tsiyayo. Ƙwallayen nan biyu kuma ya lafta musu gires da yatsa, da kauri, yana cewa ƙarfe ne ke jin ƙishi. Kukan ya tsaya kwana biyu, ya dawo, ya sake laftawa. Bayan ƴan makonni wata sabuwar ƙara ta shigo a kan ta farko, ƙwas, ƙwas, kuma motar ta fara jana gefe ina tuƙi.

Garajin da muke zuwa na wani dattijo ne can bayan kasuwar dabbobi, wanda ya tsufa yana gyaran motocin da ke bin hanyar Kawar. Baba muke ce masa. Ya ɗaga gaban da kirik, abin ɗaga mota, ya kama ƙafar da hannu biyu ya girgiza, muka ji ƙwas. Ya lakato gires ɗin da ke kan ƙwallon, ya murza tsakanin yatsunsa, ya miƙa wa Yaya.

“Maƙeri, taɓa ka ji. Da me kake goge azurfa?”

Yaya ya ce da rairayi mai laushi da ɗan mai.

“To, abin da ka yi wa ƙwallon nan ke nan. Wata guda kana goge shi.”

Baba ya ce na asali a rufe yake cikin roba, ana mantawa da shi shekara da shekaru, in ya mutu kuma akwai shi a kowane shagon kayan mota. Na ce to a cire jajayen a maida na asali yau ɗin nan. Ya girgiza kai. Tunda an ɗaga motar, na asali ba zai zauna daidai ba, zai riƙa dukan amortisa. In za a maida shi, sai an sauke gaban duka ya koma yadda aka ƙero shi, wannan kuwa kuɗinsa ya fi ƙarfinmu a lokacin. Ya auna ƙwallon ya ce ba da milimita aka yi shi ba, wani awo ne na wata ƙasa, ko Yamai aka je ba za a samu ba. Yaya ya saurari duk wannan, ya ce ƙarfen lafiya lau yake, ƙwallo ne kawai ya gaji, kuma shi ba zai cire aiki mai kyau ya sa kwano ba.

Da la'asar ɗin na ɗauki takardar nan a ɓoye na kai wa wani tsohon malamin Ingilishi na kolej da ya ajiye aiki. Ya sa tabarau ya juya mini ita Faransanci layi bayan layi. Ta ce kada a kuskura a sa wa ƙwallon gires. Ta ce a wanke shi da ruwa mai tsabta bayan kowace tafiya cikin ƙura ko rairayi, a tsane shi, a fesa masa wani mai na musamman wanda ba ya danƙo. Robobin gindin rassan su kuma gires suke so, amma wani iri daban. A shafi na ƙarshe ta ce ƙwallon abin cinyewa ne, a riƙa canza shi, sabo kuma wajen masu ƙera shi ake saya. Malamin ya cire tabarau ya tambaye ni ko akwai wata tafiya a ƙasar nan da ba cikin ƙura ko rairayi ba. Na yi godiya na tashi. A gida na ce wa Yaya na sake karanta takardar a natse, na ga waɗansu ƙananan bayanai.

A wannan bazarar pompon ruwan unguwarmu sai ya yi kwanaki bai ɗiga ba, wajen ƴan garuwa muke sayen ruwa. Matar Yaya na wanke kwanoni da ruwa, ta tace shi ta ba akuya. Da ta ga na ɗauki rabin bidon ruwa na nufi mota, ta tare ƙofa ta tambaye ni ko ƙarfen alwala zai yi. Na bayyana mata abin da takarda ta ce. Ta zo ta durƙusa ta leƙa, karon farko ke nan da ta kalli abin da ake ta magana a kansa a gidanta.

“To ku rufe masa ido mana,” in ji ta.

Ɗiyar dukawa ce, ta tashi da basilla a hannu. Cikin kwana biyu ta ɗinka wa ƙwallayen ƴan huluna na fatar akuya, da zariya a baki. Ba ta iya ɗinki ba ado ba, don haka ta bi gefensu da kore da ja. Duk cikin abin da aka yi wa motar nan, nata ne kaɗai ya yi amfani tun ranar farko, sai dai ya zo bayan ɓarna ta riga ta auku.

Neman sabon ƙwallo a kaina ya faɗo. Akwai wata Baturiya da ta saba sayen kayanmu shekaru, na je gidan intanet na rubuta mata. Sau uku wuta na ɗaukewa ina tsakiyar wasiƙa. Na ji kunyar abin, mutane na sayar da shanu a kuɗin kaza don yunwa, ni ina roƙon tsohuwa ta nemo mini ƙwallon ƙarfe a ƙasar da ba tata ba. Ta amsa da kirki, ta ce ba ta san kome game da mota ba amma za ta tambayi surukinta. Aka yi ta aika hoto da lamba da awo. A ƙarshe ta ce an samu, an aiko, mu jira.

Mota ba za ta jira ba, dabbobi ma haka. Yaya ya ce shi maƙeri ne ɗan maƙeri, ba zai zauna yana kallon hanya ba. Baba ya fitar masa da ƙwallon da mazauninsa, ya kai su maƙera, ya siffanta sabon mazauni da kakin zuma, ya lulluɓe da yumɓu, ya zuba tagulla. Ya yi yini uku yana gyarawa da magagari. Ba zan ɓoye ba, aikin ya yi kyau, ƙwallon na juyawa ciki ba motsi ba ƙara. Baba ya jujjuya shi a hannu, ya yaba, sannan ya ce tagulla taushi gare ta, mu bi a hankali, kada mu cika kaya. Yaya ya ji yabon, sauran maganar ta wuce ta bayan kunnensa.

Daga nan safiyar kowace Juma'a ta zama ta motar. Yaya gwiwa na damunsa, kuma shi ne babba, saboda haka ni ke shiga ƙasa. In ɗaga da kirik, in kwance ƙafa, in kunce hular fata, in share ƙwallo da tsohon buroshin haƙori, in goge da tsumma mai ɗan laima, in ɗura wa robobi gires, in mayar, in koma ɗaya gefen. Shi yana zaune kan kujera da kofin shayi yana gaya mini inda na bari. Kafin in gama an fara kiran salla, sai in tafi masallaci da baƙi a ƙarƙashin farce. Duk lokacin da aka taɓa hannuwan kuma sai Baba ya sake daidaita ƙafafun da zare, in ba haka ba tayu su cinye ta ciki. Duk da zaren nasa sun cinye. Tayun gaba biyu muka canza kafin watanni su yi nisa, alhali na baya ko gezau.

Ƙarshen bazara, lokacin da dabbobi suka fi faɗuwa, wani dattijo makiyayi da muka saba kai wa kaya ya aiko cewa dusarsa ta ƙare. Yana can wata rijiya gaba da Anu Araran. Muka aika masa cewa ranar Alhamis muna tafe. Yaya ya sa aka ɗora buhuna fiye da yadda muka saba, na yi magana, ya ce mutane na jira. Da hantsi muka wuce Anu Araran, muka bar babbar hanya, muka gangara wani kori mai duwatsu. Allah ya sa a hankali nake tafiya. Sai na ji ƙara kamar an buga guduma, gefen hagu ya zauna, motar ta tsaya cik. Muka fito muka tarar ƙafar ta kwanta, kanta ya faɗa ciki. Ƙwallon ya ɓalle daga tagullar Yaya, hular fata na reto a jikinsa.

Ba inuwa, ba kowa. Sai da muka sauke buhunan gaba ɗaya kafin kirik ya iya ɗaga motar, shi ma yana nutsewa cikin rairayi sai da muka yi masa shimfiɗar duwatsu. Yaya ya mayar da ƙwallon da guduma, ya daddake bakin tagullar ya rufe shi, muka naɗe wurin da sarƙa da waya da tsohuwar robar cikin taya. Ƙarfen ya yi zafin da sai da rawani muke kama shi. Nan muka kwana. Washegari muka sake loda kaya, muka kama hanya da tafiyar da jaki zai wuce mu, ina tsayawa a kai a kai in duba ɗaurin.

Bayan azahar muka isa rijiyar. Dattijon ya taso ya tarye mu, ya yi mana sannu da hanya, ya shimfiɗa tabarma, ya ɗora shayi, bai tambayi abin da ya tsare mu ba. Shanu bakwai suka rage masa a zuwanmu na baya. Na duba na ga shida, biyu a kwance, danginsa na ɗaga ɗaya da sanduna a ƙarƙashin ciki don ta tsaya ta ci. Can gefe an baza fata sabuwa a rana, ga nama an shanya a igiya, ja wur ba ɗigon kitse. Da safen nan suka yanka saniya ta bakwai kafin ta mutu. Na kasa haƙuri na ce masa da mun iso jiya da ba haka ba.

Ya daɗe yana zuba shayi daga kofi zuwa kofi. “Wataƙila,” in ji shi. “Wataƙila kuma a'a. Ta riga ta gaji.”

Ya ba mu nama mu kai gida. Da zagi ya yi mana da ya fi mini sauƙi.

A hanyar dawowa na buɗe baki. Ban taɓa yi wa Yaya magana haka ba, kafin ranar ko bayanta. Na ce ƙarfen nan ya cinye mana tayu, ya cinye ruwa, ya cinye Juma'o'ina, yanzu ya shiga dukiyar mutane. Na ce don masu wasa aka yi shi, waɗanda in sun gama gudu za su koma gida su buɗe ruwa su wanke, mu kuwa masu neman abinci ne. Na ce ya fi son a yaba masa ƙarfe a bariya da ya isa inda ake jiransa. Da na fara ban iya tsayawa ba, har na kai kan kaina, na gaya masa ranar ciniki ƙarya na yi, ban karanta kalma ɗaya a takardar nan ba.

Yana kallon hanya ya ce, “Na sani. Ka juya shafi kafin idonka ya kai ƙasa.”

Na tambaye shi me ya sa bai ce kome ba.

“A gaban baƙo? Kuma ko ka karanta, da na saya.”

Na zaci bayan wannan zai ce a cire jajayen hannuwan. Bai ce ba. Abin da ya canza kawai, bai ƙara cika kaya ba, kuma duk zuwan da muka yi rijiyar nan yakan sauke wa dattijon buhu ɗaya a kan abin da ya saya.

Saƙon Baturiya ya iso bayan ruwa ya sauka. Na yi kwana biyu ina zirga-zirga tsakanin gidan waya da duwan, wato kwastan, kafin a ba ni wani ɗan kwali da bai cika tafin hannu biyu ba. Abin da ya ci tun daga can har hannuna ya isa hatsin gidanmu na wata da wani abu. Baba ya matsa sababbin ƙwallayen a wurinsu, matar Yaya ta ɗinka sababbin huluna, motar ta yi shiru kamar ranar da muka saye ta. Yaya ya riƙa kallona ta gefen ido yana jiran in yaba. Ba su cika shekara ba suka fara ƙwas. Kafin nan robobin gindin rassan sun farfashe, su ma babu irinsu a gari, Baba ya yi ta sassaƙa mana waɗansu daga tsohuwar tayar kamiyo, kowane wata uku sai an sake. Na ƙara rubuta wa Baturiya sau ɗaya, ta aiko. Na uku na ce wa Yaya in yana so ya koyi Faransanci ya rubuta da kansa.

Sai da aka yi damina biyu masu kyau, sojoji suka koma bariki, sannan aka rabu da jajayen hannuwan, kuma ba maganata ce ta yi aiki ba. Wata pikop irin tamu ta kife da baya a hanyar Tawa, gabanta bai taɓu ba, Baba ya saye ta don kayan gyara. Ya aika aka kira Yaya ya ce shi ya tsufa, idonsa ba ya ganin zare, hannunsa ya gaji da sassaƙa roba, in ba a sauke gaban motar nan ba a nemi wani garaji. Yaya bai iya musu da wanda ya girme shi ba. Cikin yini biyu aka mayar da kome na asali, baƙi, mummuna. Motar ta yi ƙasa, a kori cikinta kan gogi rairayi, kuma duk gogar da ta yi sai Yaya ya yi gyaran murya. Na bar shi ya yi ta yi. Shekara biyu ban shiga ƙarƙashinta ba sai don canza mai.

Daga nan aka ga zinariya a Jado. Gari ya cika da baƙi, kowa na neman kat-kat, kowa na so a ɗaga masa ita. Kafin wata shida shagunan kayan mota sun cika da hannuwa ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, ƙwallayen da na yi watanni ina roƙo a ƙasar waje ga su nan zube cikin kwali a bakin titi, har da man fesawar da ban taɓa gani da idona ba. Na wuce su na yi kamar ban gani ba. Yaya bai yi kamar bai gani ba. Wata la'asar ya shigo da leda a hannu, ya ciro jajayen hannuwan daga inda ya adana su a maƙera, naɗe cikin tsohon bargo, ya sanar da ni cewa masu haƙa na bukatar ruwa da abinci, hanyar Jado kuwa ba ta motar da ke jan ciki ba ce.

Na ce Allah ya ba da sa'a, amma ba da ni ba. Na ce na kai shekarun da bayana ba zai ƙara kwanciya kan tsakuwa ba. Ya ce ai ba wanda ya roƙe ni. Baba ya ƙi taɓa aikin, sai wani sabon garaji Yaya ya kai ta, aka sake ɗaga ta, ya ɗauki wani maƙwabcinmu ya yi masa tuƙi. Ni na koma shago, ina sayar wa masu dawowa daga haƙa zobba da ƴan kunne na kai wa matansu.

Tafiya biyu ya yi lafiya, ya dawo yana ba da labarin yadda suka wuce motoci a kafe. A ta uku ya yi kwana ashirin ba labari. Matarsa ta daina cin abincin kirki, ni kullum ina tasha ina tambayar masu saukowa. Rannan da hantsi sai ga shi a kan wata kamiyo, zaune bisa kaya cikin ƴan haƙa, gwiwarsa ta kumbura, sai da mutum biyu suka sauko da shi. Ya ce ya sayar da motar a can, wani ya taya da kyau ya sallama. Maƙwabcin da ya yi masa tuƙi ya zauna a Jado, don haka ba wanda zan tambaya.

Na kai shi gida, aka ba shi ruwa, aka gasa masa gwiwa. Da ya huta na zauna kusa da shi na tambaye shi, tsakani da Allah, me ya sami gaban motar. Ya jawo wani ƙaramin buhu da ya zo da shi, ya kunce, ya ɗebo dabino ya zuba mini a hannu. Ya ce a Sigidin ya saya, in ci in ji, na Kawar bana ya bushe da yawa.